Babur a Kan Turmi

Ranar da Malam ya rasu, babur ɗinsa yana tsakar gida a wargaje. Da safe ya kwance wuyan, ya cire tayar gaba ya jingina ta da bango, ya ɗora ƙirjin babur ɗin a kan turmina don kada ya kife. Malam mijina ne. Hatsi yake saye a kasuwannin ƙauye, su Baure da Zango da Mai'aduwa, ya kawo Daura ya sayar. Tun kaka yake ƙorafin kan babur ɗin yana rawa. Da ya ɗan taka gudu ko ya hau gargada sai kan ya kama karkarwa a hannunsa, in ya ja burkin gaba kuma ya ji ƙwas daga wajen wuya. Ya ce rairayi ne ya shiga boris ɗin, ƙananan ƙwayoyin ƙarfen da wuyan ke juyawa a kansu, giris ya bushe, noti ya saki. Ya yi ta ɗaga gyaran, yau kasuwa gobe kasuwa, har bazara ta shigo.

Bai taɓa yarda bakanike ya taɓa masa wuyan babur ba. Inji ya kai musu, faci ya kai musu, amma wuya a gida yake yin abinsa. Cewarsa, su da sun ji ana maganar rawa sai su ɗauko guduma su bugi notin ya ƙara tamkewa. Rawar ta ɗan ɓuya, 'ya'yan boris kuma su yi wa kansu gurbi a cikin kofin da suke zagayawa, daga nan kai ya dinga maƙalewa a tsakiya. A rairayin hanyoyinmu kuwa kan da ya maƙale kayar da mutum yake yi. Ko duk kanikawa haka suke ban sani ba. Na dai san Malam da taurin kai a kan abinsa.

Aikina a gyaran guda ɗaya ne, zama. In ya gama haɗawa sai ya ɗora babur a ƙafar tsakiya, ya ƙwala mini kira: "Zo ki ba ni aron nauyinki." In hau kariya, wato mazaunin baya, in zauna, baya ya yi ƙasa, tayar gaba ta tashi, shi kuma ya tsuguna yana juya kan yana saurare. Wani lokaci ya ɗago ya ce, "Ni kam duk shekara aikin nan ƙara sauƙi yake yi, tayar har ta fi tashi bana." In ce masa hatsin da yake kawowa ne, in ya ga dama ya daina. Daga kan kariyar nan na ga yadda ake yi, shekara da shekaru, ba don ina son koya ba, don babu wani abin kallo sai shi.

A ranar ya zuba 'ya'yan boris ɗin a kwanon shan ruwana, ya tsiyaya musu kananzir su jiƙa. Ya ɗauki ɗaya ya ɗaga wa rana, ya ce lafiyarsu lau, na asali ne, sun fi na kasuwar yanzu. Bayan azahar ya ce kansa yana sarawa, bari ya ɗan kishingiɗa, da la'asar ya haɗa. Da aka kira la'asar na shiga in tashe shi. Kafin magariba maza sun dawo daga maƙabarta.

Wanda ya taɓa zama gidan rasuwa ya san yadda ake yi wa matar mamaci. Ba a barin ta ɗaga ko tsinke. An zaunar da ni a ɗaki, mata suka karɓe gidan, kuma wadda ta tsaya a kansu ita ce yayar Malam, wadda duk muke kira Yaya. Daga Baure ta zo. Mace ce mai jiki da murya, ita ma mijinta ya daɗe da rasuwa, kuma tun ina amarya ba mu taɓa yin mako guda tare ba mu yi sa-in-sa ba. Ta sa aka share tsakar gida fes don shimfiɗa tabarmin 'yan gaisuwa. Aka tattara duk wani kwano da ke gidan, saboda abincin da maƙwabta ke aikowa sai an juye an mayar musu da nasu.

Sai bayan addu'ar bakwai, da mutane suka ragu, na fito na tsaya gaban babur ɗin. Sifanunsa suna nan a cikin buhu, gwangwanin giris yana nan, ƙafafun gaba masu riƙe taya suna jingine kusa da ita. Kwanon ne babu. Na same shi a kife a madafa, an wanke shi tas.

"Yaya, kwanon nan fa, ina abin da ke ciki?"

"Kananzir ɗin? Na watsar. Gida cike da yaran mutane, ki bar kananzir a kwanon sha?"

"Akwai ƙarafa a ciki."

"Na ga wasu 'yan tsakuwoyi. Can na watsa wajen bango, aka share."

Na buɗe baki, na san abin da zai fito ba na mai takaba ba ne, na rufe. Na koma ɗaki na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da shi. Yaya ta bi ni da ido, ta ce wa maƙwabciyarmu sai yau abin ya sauko mini.

'Ya ɗaya Allah ya ba mu, tana aure a nesa, ta zo ta yi kwanakinta ta koma, Yaya ce ta zauna taya ni takaba. Da aka zauna rabon abin da Malam ya bari, babur ya faɗa hannun ƙaninsa, autansu, wanda har furfura ta fara fito masa ana kiransa Auta. Ban ji haushi ba. Awaki yake saye wajen Mashi, kullum a bayan babur ɗin haya, shi ya fi kowa bukatarsa. Da can in ya shigo gidan nan tun daga zaure yake kirana "matarmu", ya buɗe tukunyata ba izini. Tun rasuwar ya rasa sunan da zai kira ni da shi. Sallama kawai yake yi, ya tsaya bakin zaure kansa a ƙasa, ya fara magana.

Ya ce zai kawo kura a ɗora babur ɗin a kai wa wani bakanike a bakin tasha.

Na ce, "Ka bar shi har in fita takaba."

"To, ba damuwa. In kin fita sai a kai."

"Ba za a kai ba. Ni zan haɗa shi."

Ya ɗago ya dube ni, karo na farko tun rasuwar, ya sake sunkuyar da kai. Yaya ce ta amsa daga madafa: "Mai takaba da sifana a hannu? Me kike so mutanen unguwa su ce?" Na ce takaba fita ta hana ni da kwalliya, giris kuwa ban taɓa jin an sa shi cikin kayan kwalliya ba. Auta ya yi gyaran murya, ya ce Allah ya kai mu, ya fita.

Abin da nake so a fili yake. Aikin da Malam ya buɗe da hannunsa ya tafi ya bari, ba na so baƙon hannu ya rufe shi da guduma. Amma kuma na san ranar da na haɗa shi, ranar zai bar gidan. Muddin yana kan turmin nan, in na fito da safe sai in ga kamar Malam ya shiga ɗaki ne, yanzu zai fito ya ƙarasa. Ina son in gama, ina tsoron in gama, haka na yi ta kwana ina tashi.

Na fara da neman 'ya'yan boris. Kullum bayan na idar da wuridin safe, kafin rana ta yi zafi, sai in ɗauki rariyar tankaɗe in tsuguna wajen bangon da Yaya ta nuna, in ɗebi rairayi in tankaɗe. Tsakar gidanmu yashi ne zalla, abu in ya faɗa ya nutse. Na tsinci ƙusa, na tsinci maɓallin riga, na tsinci ɗan kunnen da ya ɓace mini tun 'yata tana goye. Wata rana in samu ƙwaya ɗaya, wata rana biyu, wata rana in tashi da ciwon baya kawai. Duk wadda na samu sai in goge ta da bakin zane in jefa a kwalbar magani.

Labari ya zaga unguwa cewa matar Malam ta fara taɓuwa, ƙasa take tankaɗewa. Wata ta aiko mini da rubutu in sha, na sha, ba laifi. Yaya ta dinga turara ɗakina tana tofe-tofe. Ga turmi kuma da na hana a taɓa, duk dakan da za ta yi sai ta aika aro maƙwabta, kuma ba ta taɓa aikawa ba tare da ta faɗa da ƙarfi don in ji ba. Auta ne kaɗai bai ɗauke ni mai taɓuwa ba. Ran nan ya yi sallama ya ajiye wani abu a bakin zaure ya juya. Mayen ƙarfe ne, ya ɓalle shi daga tsohon rediyonsa, ya ɗaura masa igiya. Da shi na dinga jan ƙasa, na samu wasu da rariya ta tsallake. A lokacin hadari ya fara haɗuwa a gabas da yamma yana watsewa, na kuma san ruwan farko zai kwashe sauran ya fita da su ta makwarara.

Ranar sadakar arba'in aka yanka mana kaza ɗaya daga cikin kajina. Yaya tana gyara ta a bayan madafa, sai na ji shiru ya yi yawa. Can ta taho, hannunta a dunƙule, ta tsaya a kaina ta buɗe. Ƙwayar boris ce guda, ta wanke ta, tana ƙyalli.

"A ƙundu na same ta," in ji ta.

Na miƙa hannu, ba ta ba ni nan da nan ba. Ta zauna a ƙasa kusa da ni, abin da ba ta taɓa yi ba, tana juya ƙwayar a tafinta.

"Ni na goye shi," ta ce. "Innarmu tana gona, ni ke goyonsa. Ranar nan na ga kwano da datti na watsar, ban san shi ne abu na ƙarshe da ya taɓa ba. Ke kuma ba ki faɗa mini ba."

Na ce ban iya faɗa ba. Muka zauna muka yi kuka mu biyu, kazar tana can ƙuda na binta. Washegari da na fito da rariya na tarar ta riga ni, ta ɗauko tata ta tsuguna, tana mita cewa gwiwoyinta ba na wannan aikin ba ne.

Ruwan farko ya sauka da ƙarfi, ya shafe tsakar gidan, neman ya ƙare. Da na jera abin da muka samu a cikin kofin da ke ƙasan wuyan, suka zagaye shi daidai, da 'yar tazarar nan da Malam yake bari. Na sama kuwa ko rabi bai cika ba. Na tuna ba ya haɗa tsoho da sabo a kofi ɗaya, yana cewa sabon zai ɗauke nauyin shi kaɗai ya cinye. Sai na sa Auta ya sayo sababbi na kofin sama. 'Yan tsofaffin da suka yi saura Yaya ta ce in ba ta, ta ƙulle su a bakin zanenta.

Komai ya haɗu, sai na kama jan ƙafa. Yau in ce bayana, gobe in ce hadari, jibi in ce giris ɗin ya yi kauri. Gero ya tsiro a gonaki, ya yi tsawo, kwanakin takaba suna ƙarewa, babur yana kan turmi na rufe shi da leda. Yaya ta gaji, ta ce, "Ba giris ba ne, ni da ke mun sani. Ko ki haɗa ko kada ki haɗa, Auta zai zo ya ɗauka. Ki zaɓa, a tuƙa shi ko a ɗora shi a kura." Na ji zafin maganar, na yini ban kula ta ba. Da safe na yaye ledar.

Na shimfiɗa tsohon zane a ƙarƙashin wuyan don ko wata ta faɗo kada yashi ya sake haɗiye ta. Na wanke kofunan biyu da kananzir, na bi cikinsu da farce kamar yadda yake yi, ban ji gurbi ba, sumul suke. Da na buɗe gwangwanin giris na tarar da sawun yatsansa a ciki, inda ya lakata na ƙarshe. Na daɗe ina kallo, sannan na lakata daga ɗaya gefen. Na cika kofin ƙasa da giris, na dinga dasa 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya suna maƙalewa. Na yi wa na sama haka da sababbin. Sandar wuyan da ƙafafun nauyi gare su, ni kaɗai ba zan iya ba. Yaya ta tallabo daga ƙasa tana nishi, ni ina saita ta a rami a hankali kada ta ture ƙwaya ko ɗaya, har kan sandar ya leƙo sama na ɗaura noti da hannu. Mayar da taya da kai da wayoyin fitila ya cinye mana yinin, sau biyu ina ɗaura abu a baibai ina kwancewa.

Saura gwaji, kuma gwaji sai da nauyi a baya. Na tsaya ina kallon kariyar, wurin zamana. Yanzu ni ce a gaba, babu mai zama.

"Me kike kallo?" in ji Yaya.

"Sai wani ya zauna a nan tayar ta tashi."

Ta dube ni, ta dubi babur, ta gyara ɗaurin zane. Da ƙyar da addu'a ta hau, tana riƙe da kafaɗata, tana cewa in na kayar da ita sai na yi jinyarta har ta mutu. Tana zama tayar gaba ta yi sama fiye da yadda ta taɓa yi a zamanina. Dariya ta ƙwace mini, ta farko tun bazara. Ita ma ta yi, tana zagina.

Na janye turmin. Na ɗaure notin har kan ya yi nauyi, sannan na sassauta kaɗan. Na kama ƙafafun na ja gaba na tura baya, na ji ƙwas, ya yi sako-sako. Na ƙara ɗaurewa, ƙwas ɗin ya tafi, amma da na tura kan sai ya tsaya a hanya, ya yi tauri. Haka na yi ta yi, ɗan gaba ɗan baya, Yaya tana tambaya ko a nan za ta kwana. Can na ja ƙafafun na ji shiru. Na daidaita kan a tsakiya, na taɓa shi da yatsa ɗaya, ya tafi da kansa a hankali har ya kwanta gefe. Na mayar, na taɓa ta ɗaya ɓangaren, ya tafi haka. Na ɗaure notin sama na sake gwadawa, bai canja ba. Na zauna a kan turmin na rasa abin da zan yi da hannuwana.

Auta ya zo ya zuba mai, ya yi ta bugawa kafin ya tashi, don ya daɗe a ajiye. Ƙarar ta cika gidan, na shige ɗaki. Ya fita da shi ya zaga, ya dawo ya tsaya bakin zaure ya ce, "Wallahi ko motsi ba ya yi." Ya ce zai bar shi a nan har ranar fitata, shi zai kai ni gida a kansa.

Ranar na yi wanka, na sa sabon kaya, mata suka shigo suka yi mini barka da fita. Zaman Daura ya ƙare mini, zan koma wurin wana a ƙauyenmu, gaba da Sandamu. Kayana sun riga sun tafi a mota. Na yi sallama da Yaya, ta rungume ni tana cewa in daina taurin kai, na ce ta fara dainawa. Na hau bayan Auta, na sa jakata a tsakaninmu, na kama ƙarfen kariya.

Muka bi kwalta har Sandamu, gero kore shar hagu da dama. Daga nan muka sauka hanyar ƙauye. Akwai wani wuri kafin a gangara rafi, gargada ce zalla, a nan babur ɗin ya fi yin rawa. Mu nan mace ba ta riƙe mijinta a kan babur, ƙarfe take riƙewa, ko da sun tsufa tare. Amma tun da kan ya fara rawa, duk zuwan da muka yi ganin gida, in mun iso wurin nan Malam yakan ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Riƙe ni." In saki ƙarfe in zagaye cikinsa da hannu, in kwantar da kaina a bayansa. Gargadar ba ta da tsawo, amma ba na saki sai mun hango rumbunan garinmu, shi ma bai taɓa cewa in saki ba.

Muna isa wurin hannuna ya saki ƙarfen da kansa ya miƙa gaba. Sai na ga bayan da ke gabana ba shi ba ne. Babur ya ratsa gargadar sumul, kan bai ko girgiza ba. Na mayar da hannuna kan ƙarfe.

Auta ya ɗan juyo, murna a muryarsa, ya ɗaga ta saboda iska. "Kin ji ko? A nan ne fa Malam yake cewa ya fi damunsa. Kin gyara shi, matarmu."

Na ce na ji. Na ja hijabi na rufe fuskata har muka shiga gari, shi ya ɗauka iska ce ta dame ni.